Yayana Mai Birki da Diskin da Na Huhhuda

Bari in fara da abin da kowa a tashar Gwarzo ya riga ya sani, don kada wani ya riga ni faɗa: ni wawa ne. Ba irin wautar ƙuruciya ba, wadda mutum kan yi ya girma ya bari. Tawa tare da furfura ta zo. Ina da jikoki shida ranar da na kwance diskin birkin motata, lafiyayye, na kai wa wani mai injin huda ƙarfe a Kano na ce ya yi mini ramuka a jikinsa. Sau biyu mutumin yana tambayata ko na tabbata. Na ce shi dai ya huda.

Aji uku na yi a firamare na gudu, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Ba don na iya nake yi ba. Yayana ne ya rasu, wanda muke ciki ɗaya, yau kwana arba'in da 'yan kai. Na ji direbobi sun fara cewa "wurin marigayi mai birki." Na san nan da baɗi za su koma cewa "gindin darbejiyar nan," wato inda yake aiki, shi ke nan kamar ba a yi shi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Ranar jana'izarsa tasha ta zama kango. Fasinjojin Kano suna zaune a kan buhunansu babu mai kulawa da su, direbobi duk suna maƙabarta. A zaman makoki wani tsohon direba daga Getso, wanda ban taɓa ganin ya yi wa kowa fara'a ba, ya zauna a gefen tabarma yana share ido da hularsa. Da aka shafa addu'a sai ya ce, "To yanzu wa zai riƙa zaginmu?" Babu wanda ya yi dariya. Wani daga Durun ya ba da labarin ranar da ya wuce ta gaban darbejiyar da mota cike da mutane, ya ɗan taɓa birki saboda akuya. Yaya yana alwala ya ji ƙarar. Ya ajiye buta, ya hau keke, ya bi shi har gidan mai, ya tsaya a gaban motar ya ce kowa ya sauko. Mutumin ya ce a ranar sai da ya yi masa rashin kunya a gaban fasinja. Da aka kwance tayar, takalmin birkin ya cinye, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. "Mata huɗu ne a baya," in ji shi, "ɗaya da goyo." Ya ƙara da cewa, "Ban taɓa ba shi haƙuri ba."

Ni kuwa duk wanda ya zo sai ya kama hannuna ya ce, "Ya haƙuri, Auta? Kai ka kai shi asibiti, Allah ya saka maka." Sai in ce amin, in sunkuyar da kai. Suna zaton kuka nake ɓoyewa.

Mahaifinmu mai shanu ne. Yaya ne farkon wanda ya ajiye sanda a gidanmu ya ɗauki sifana, kuma Baba bai yi masa magana ba har damina biyu. Ya koyi gyaran mota gaba ɗaya, amma tun kafin in yi aure ya tattara komai ya ajiye, ya ce shi birki kawai zai yi. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Masu sa mota ta tashi sun yi yawa a garin nan. Ni aikina ta tsaya."

Ga wanda ba direba ba, diski wani faifan ƙarfe ne a bayan taya, yana juyawa tare da ita. In ka taka birki, takalma biyu ne suke cafke shi ta gefe da gefe har motar ta tsaya. Rayuwar Yaya duk a kan wannan faifan ta ƙare. In an kwance masa diski sai ya rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kara kunne. In ya yi amo mai tsawo, lafiya. In ya yi "ƙwas," sai ya ce akwai tsaga, ko da ido bai gan ta ba. Yana da wani guntun ƙarfe da ya yi wa tsagi da zarto, a rataye a wuyansa kamar laya. In bakin diski ya shige cikin tsagin, to ya siraɗe, ba zai mayar da shi ba ko hakimi ne mai motar. An taɓa kawo masa motar gidan dagaci, ya auna, ya ce a gaya wa dagaci yana gaishe shi amma diskinsa ya mutu.

Sannan yana da wata al'ada da ba ya karyawa. Duk motar da ya taɓa wa birki, babu mai shigarta sai shi ya fara. Zai wanke hannu, ya zauna a gaba kusa da direba, a tafi har gangaren kwalbatin bayan gari. Sai an sake ta tana gudu zai ce, "Taka." In ta tsaya yadda yake so, ya ce, "Ta tsaya," ba ya ƙara komai. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai bar direba ya gwada abinsa ba. Ya ce, "In aikina zai kashe wani, ya fara da ni."

Ba shi da sauƙin hali, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Ba ya yabo. Ba ya son a yi magana yana aiki. Matarsa, Hajiya, wadda muke wasan ƙanen miji da ita shekara arba'in, takan ce in ta yi miya ya cinye bai ce komai ba, to ranar ta yi abin kirki.

Yanzu ga tawa. Ina da wata tsohuwar mota ƙirar Jamus, mai dogon baya. Da ita nake jigilar Gwarzo zuwa Kano, ranar kasuwa kuma in loda mata wake da gero daga Getso har ta durƙusa. Shekarun baya samari suka samu wani faƙo mai faɗi a bayan Kabo, suka jera tsofaffin tayoyi suka yi da'ira, duk Lahadi bayan la'asar suna tseren mota. Na je kallo sau ɗaya. Lahadi ta biyu na shiga. Yara sa'annin 'ya'yana suka riƙa ihu suna "Baba Auta! Baba Auta!" Ni kuma, Allah ya yafe mini, kaina ya kumbura har hulata ta matse ni. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba. Na taɓa zuwa na uku, ranar da motoci biyu suka lalace.

A can na ga diskin da ya ɗauke mini hankali. Wani ɗan masu hali daga Kano ya zo da motarsa, ta cikin tayar kana hango faifan yana ƙyalli, da ramuka a jere kamar zanen ƙwarya, tsakiyarsa farin ƙarfe. Ya ce mini ba shi da nauyi, shi ya sa tayar take saurin juyawa, motar take bin kwana kamar maciji. Yana da guda a but ɗin motarsa, na roƙe shi aro na kwana ɗaya na kai wa Yaya.

Na yi zaton zai kushe. Bai kushe ba. Ya daɗe yana juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya saurara har amon ya mutu.

"Wannan aiki ne," ya ce. Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan komai ba. "Ka ga tsakiyar? Alminiyon ne, nan suka rage nauyin. Inda takalmi yake kamawa kuwa sun bar masa namansa. Wanda ya yi shi ya san inda ake ragewa."

"To irinsa nake so, Yaya."

"A wace motar?"

"Mota nawa gare ni?"

"Ita nake tambaya. Ta Lahadi ko ta ranar kasuwa?"

Na ce ai duk ita ce. Ya kai idonsa kan murhun mai shayin da ke gefe. "Ɗora gwangwanin madara a wuta, ka ɗora tukunyar ƙarfe. Wanne zai fara yin ja? Birki zafi yake ci, Auta. Nauyin nan da kake raina shi yake shanye zafin. Yaron can shi kaɗai ne a motarsa, in ya zaga sau biyar ya tsaya ta huce. Kai mutum tara ne da buhu shida, a gangare, ga tirela a gabanka." Ya miƙo mini diskin. "In kana son marar nauyi, ka sayi na gaske, wanda aka yi don motarka, kuma ka nemi mai tsagi-tsagi, ba mai ramuka ba, don daga rami tsaga take farawa. In ba za ka iya ba, ka bar naka yadda yake, ka sa takalmi mai kyau, ka canza man birki. Zai kai ka faƙon, ya dawo da kai, ya kai mutane Kano."

Na je kasuwar kayan gyara a Kano na tambayi na gaske. Da aka faɗa mini kuɗinsa sai na ajiye shi a hankali da hannu biyu, kamar ƙwai. A hanyar fita dabara ta zo mini, irin dabarar da ba ta zuwa wa mai hankali. Na ce rami ai rami ne. Na koma wurin Yaya na ce ya huda mini nawa, ya kuma kankare shi ya rage kauri.

Ya ɗago kai daga ƙarƙashin wata mota ya dube ni. "Ka sha wani abu ne?"

Da na yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma akwai direbobi a kan benci, kuma wasunsu sun taɓa yi mini tafi a faƙo. Sai na ce, "Yaya, zamani fa ya wuce ka. Kai har yanzu ƙarfen zamanin Baba kake gani." Ya fito daga ƙarƙashin motar, ya goge hannunsa yatsa bayan yatsa, ya ce, "Cire motarka daga inuwata." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari na kai Kano aka huda, aka kankare. Da na ɗaga su na ji sun yi sakayau, har rawa na taka a gaban shagon.

Wata bakwai muka yi ba ma magana sai gaisuwa. A masallaci ina sahun baya, shi yana gaba. In na je gidansa gaishe da Hajiya, sai in ajiye motar a bayan makarantar allo in ƙarasa da ƙafa. Har murfin taya na saya guda huɗu na rufe, don kada ya hango ramukan in na gifta. Hajiya ta ce, "Auta, motarka ta fara sa hijabi ne?" Na ce sanyi take ji.

Su kuwa ramukan, Lahadi uku suka yi mini daɗi, ko kuma ni na raya wa kaina haka. Daga nan sitiyari ya fara rawa in na taka birki. Sai birkin ya fara harbin tafin ƙafata. Wata ranar kasuwa na taso daga Getso da lodi, garken shanu ya ratso titi a gangare, na taka, ƙafata ta tafi kusan ƙasa, wari ya cika motar. Allah ya tsayar da mu, hancin motar yana shafar wutsiyar saniya. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Direba, in lahira za ka, sauke ni a nan, ni Kano na biya." Kowa ya yi dariya, har da ni. Da yamma na cire murfin taya na leƙa. Ga tsaga nan sirara kamar gashi, daga wannan rami zuwa wancan. Na mayar da murfin. Na san wurin da ya kamata in je, bai fi tafiyar minti biyar ba. Na ce sai Asabar. Asabar ta zo na ce sai wata.

Ranar Talata da hantsi babbar 'yarsa ta kira ni a waya. "Baffa, ka zo da mota yanzu, jikin Baba ne. Ƙirjinsa." Na bar lodi a tasha na tafi. Karo na farko a wata bakwai na ajiye motar a ƙofar gidansa.

Suka fito da shi, Hajiya ta riƙe hannu ɗaya, 'yar ta riƙe ɗaya. Ƙafafunsa sun kumbura, leɓensa ya yi toka-toka, yana jan numfashi kamar mai hawan dutse. Na buɗe ƙofar gaba. Bai shiga ba. Ya dafa motar, ya nuna tayar gaba da haɓa.

"Cire murfin."

"Yaya, asibiti za mu."

"Cire."

Na cire. Ya sa aka durƙusar da shi, ya zura yatsa ta cikin tayar, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana lumshe ido. Da yatsan ya kai kan tsagar sai ya tsaya.

"A shimfiɗa mini tabarma," ya ce.

Hajiya ta fara salati. 'Yar ta ce, "Baba, don girman Allah." Ni na rantse masa zan tafi a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai, ba zan wuce giya uku ba.

"Ni nawa ya kusa ƙarewa," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "Amma ga matata, ga 'yata. Ba za su shiga wannan ba." Ya dubi 'yar. "Ƙarƙashin gadona. Takardar siminti."

Ta fito da ƙunshi tana nishi. Diski biyu ne, masu kauri, an shafe su da mai, da takalmansu sababbi a ɗaure da waya. Yaya bai taɓa mallakar mota ba. Da na kara su a jikin tawa, kowane ramin ƙusa ya zauna daidai.

Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa canza diski da hannuna ba, don ina da Yaya. Ranar na yi, yana jingine da bango a kan tabarma yana ba ni umarni. "Sa dutse a bayan taya tukuna." "Ba wannan sifanar ba, sha bakwai." "Kada ka bar shi yana lilo a jikin tiyo, rataye shi da waya." "Wanke man da fetur, duk ka wanke." Wata ƙusa ta ƙi kwancuwa, na yi ta fama, hannuna ya fashe, gumi yana shiga idona. Ina jin numfashinsa a bayana, kowane ja kamar ana yaga tsumma. Maƙwabta suka taru suna ba shi baki, bai ko dube su ba. Da na ɗaga tsohon diskin zan jefar, ya ce in miƙo. Ya rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa. "Ƙwas." Ya ajiye shi a gefen tabarma.

Rana ta kusa tsaka kafin in sauke jak. Hajiya ta ɗauko jaka za ta shiga, ya ɗaga mata hannu. Sai a lokacin na gane abin da yake nufi, na ce, "Haba Yaya, yau kam a bar shi."

"Ɗaga ni."

Mu biyu muka tafi kwalbati. Kansa yana jingine da gilashi, idonsa a rufe. Da muka hau gangaren na saki mota, na jira, na jira, har na fara zaton ya suma. Sai na ji ya ce, "Taka." Na taka. Ta tsaya cak, sitiyari bai motsa ba.

"Ta tsaya," ya ce.

Na kashe mota. Na ce, "Yaya, ka yafe mini maganar nan."

"Kwana biyun farko kada ka taka da ƙarfi, sai takalmin ya zauna," ya ce. "Juya, mata suna jira."

Mun isa asibiti a Kano ana kiran azahar. Ya kwana biyu. Ranar Alhamis da safe Allah ya karɓi abinsa, 'yarsa tana riƙe da kansa. Na bi likitan har baranda na tambaye shi, da mun zo da hantsi fa? Ya dube ni, ya dubi hannuna mai ɗaurin tsumma, ya ce, "Baba, zuciyar ta daɗe da gajiya. Sauran sani yana wurin Allah." Na san ajali ba ya jinkiri, an karantar da ni wannan tun ina yaro, kuma na yi imani. Amma ni na riƙe sifanar nan awa biyu, kuma ni na huda ramukan.

A motar muka dawo da shi gida. Duk gangaren da muka sauka ta tsaya yadda ya kamata.

Ban koma faƙon Kabo ba. Samarin sun zo ta'aziyya, sun zauna a takure, ɗaya ya ce, "Baba Auta, sai yaushe?" ɗan'uwansa ya zungure shi. Guntun ƙarfen aunawa yana wurin babban ɗansa. Darbejiyar tana nan, an jingina bencin da jikinta. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka masa kabarinsa, ya tsayar da shi a inuwar da ba a korar kowa.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, na shiga cikin gida in gaida Hajiya. Tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu. Shekara arba'in ban taɓa shiga gidan nan na fita ba tare da ta tsokane ni ba. Ranar ta amsa gaisuwa kawai. Na tsuguna nesa kaɗan, na tattaro abin da ya rage mini na ƙarfin hali, na ce, "Hajiya, da an samu wata motar ranar nan, da ba a ɓata lokacin nan ba."

Ta ja carbi ɗaya, biyu, ba ta dube ni ba.

"Akwai wata motar, Auta. Maƙwabcinmu har ya tayar da tasa ya kawo ƙofar gida tun kafin a kira ka. Yayanka ya ce a ba shi haƙuri, a kira masa ƙanensa. Ya ce in ba yau ba, ba za ka taɓa kawo masa ita ba."